Shaidar Gwaggo

Shekarar da aka fara yanka filayen Hawata ana raba wa masu tarakta, aka ce duk wanda ba shi da jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, gonarsa ta shiga rabo. Ni ba ni da ita. Babana har ya rasu bai nema ba, wai shi ba zai roƙi a kira shi ɗan ƙasar da ubansa ya zubar wa jini ba. Gonar nan ta riɗi da dawa ita ce cinmu da suturarmu, ga matata da tsohon ciki.

Sharaɗi ɗaya ne: ka kawo dattijon da zai shaida cewa kakanka ya zauna a ƙasar tun kafin Turawa su ci ta. Daga tsatsonmu Gwaggo kaɗai ta rage, yayar babana. A adakarta akwai rigar kakanmu mai faci-faci, irin ta mayaƙan da suka kori Turkawa. Tana yawan ba mu labari cewa a rundunar nan ba a tambayar asali, Balarabe da Batakari, wato irinmu 'yan yamma, faci ɗaya suke sawa.

A lori, kan hanyar Gadarif inda kwamitin ba da jinsiyya yake zama, na yi ta bita mata kamar mai koya wa yaro Fatiha.

"Gwaggo, don Allah ki ce nan ne garinmu. Khalas, shi ke nan, kada ki ƙara komai."

"Kai yaro, ni za ka koya wa magana?"

Abin da nake tsoro na san shi. Tsofaffinmu ba sa yarda su ce sun zauna. Da niyyar Makka iyayensu suka baro yamma, kuma a wurinsu wanda ya ce ya zauna ya warware niyyar. Ko gidan siminti ba sa so mu gina.

Jami'in kwamitin ba mugu ba ne. Ya miƙe ya ba Gwaggo kujerarsa. Da ta warware rigar, ya shafa facin a hankali, ya ce nasa kakan ma da irinta aka rufe shi. Hankalina ya fara kwanciya.

"Ya hajja," in ji shi, "to yaushe mahaifinki ya yanke shawarar zama a nan?"

Na zuba mata ido. Ta gyara mayafi, ta amsa da Larabci tsaf, yadda ba ni da damar gyara komai.

"Zama? La, ya waladi, a'a ɗana. Mu ba mu zauna ba. Yaƙi ne ya tsare mu. Muna kan hanya ne, in sha Allah."

Ya sake tambaya, na ga alama so yake ya taimake mu. Ta maimaita, har da rantsuwa. Sauran mutanen kwamitin suka dubi juna. Jami'in ya rubuta abin da ya ji.

Raina ya ɓaci matuƙa, na rasa da wa zan yi fushi. Kafin damina tarakta ta shiga gonar.

A lorin komawa tana rungume da rigar, fuskarta fes, ta taɓa min gwiwa.

"Ka ga ban kunyata kakanka ba. Na faɗi daidai ko?"

Na ce, "Kin faɗi daidai, Gwaggo."