Gayaunar da Aka Ba Maigidana

Shekarar da maigidana ya karya hannun bawan mai gari, ina goyon ɗana na fari. Rigimar iyaka ce, a gonarmu ta bayan ganuwa, can gefen Ƙarfi. Bawan ya shigo mana kunya biyu da garmarsa, shi kuwa maigida mutum ne mai saurin hannu, ya sauke masa ƙotar fartanya. Tun ina amarya nake gaya masa zuciyar nan tasa sai ta ja mana, bai ji ba.

Mai gari ya yanke hukunci a zaurensa, gaban dattawa: tunda ya hana bawa aiki, shi zai maye gurbinsa a gandu har hannun ya warke. Aka sa masa mari a ƙafa, aka kai shi rinji, wato unguwar bayin mai gari da ke tsakiyar gonakinsa. Dattawa suka ce an yi adalci. Ni ma a ranar har godiya na yi, don na zaci abin zai fi haka.

Daga nan na zama mai jinyar hannun wani. Ban taɓa yi wa ɗan'uwana addu'a irin wadda na yi wa bawan nan ba. Kullum in na kai wa maigida tuwo, sai na biya ta bukkar bawan da ƙwaryar fura, in tsaya ina leƙen karan ɗorin. Har ya gane ni, yana ganina sai ya ɗaga hannun yana dariya, ya ce, "Uwar goyo, an zo duba amfanin gona?"

Kafin gero ya nuna, hannun ya warke sarai. Da idona na gan shi ya ɗaga dami ya aza a ka. Na je na sami liman, liman ya sami mai gari, aka ce a bari a gama girbi. Aka gama, aka ce sussuka. Bayan sussuka sai yaɓen ganuwa, don shekarun nan kowa kwana yake da tsoron mahara. Ganuwa ba ta bushe ba aka shiga sharar gona. Ba wanda ya taɓa ce mini ba za a sake shi ba, kuma wannan ne ya fi hana ni sukuni.

Abin da nake tsoro sananne ne. Duk shekara mai gari yana aika gaisuwa birni, da hatsi da dabbobi, wani lokaci har da mutane. In aka haɗa da maigidana, wa zai tsaya a can yana tambayar ko ɗa ne ko bawa? Da na ji an ce ana ɗaure kaya a gidan mai gari sai in garzaya rinji in duba ko yana nan.

Wata rana bayan la'asar kawun maigida, falke ne mai fataucin goro, ya tare liman a ƙofar gidanmu. Ni kuwa na maƙale a bayan zana, ina ta tankaɗen garin da na riga na tankaɗe.

Liman ya ce, "Ɗa Musulmi ba ya bautuwa, shari'a ta hana. Wannan ɗauri ne, ba bauta ba."

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, na taka Gwanja, na taka Nufe, har na ji labarin bakin teku inda aka ce an hana sayar da mutum. Ko'ina akwai wanda ake ce wa ɗaurarre, kuma gonar wanda ya ɗaure shi yake nomawa. Ka gaya mini bambancinsa da na kusa da shi a kunya."

"Shi ba za a sayar da shi ba."

"Bana," in ji kawu.

Suka yi ta ja har magariba, kowa da hujjarsa. Ni dai na san tabarmar maigidana tana nan a naɗe jikin bango.

Da ruwan farko ya sauka na kai tuwo rinji, sai na tarar da maigida ba mari, yana tafiya yana ware ƙafa kamar yaro mai koyon tafiya. Ya ce mai gari ya tausaya, har ya ba shi gayauna. Bayin rinji suna noman gandu ne zuwa azahar, daga nan kowa ya wuce 'yar gonarsa. Shi da ba shi da ita sai faɗuwar rana yake tashi. Ya ce in kawo masa iri.

Da gudu na koma gida, goyo yana ta tsalle a bayana. Na shiga rumbu na zaɓo zangarniyar dawar da ta fi kowace cika, wadda surukata ta ware mana. Washegari muka shuka tare, yana sara ina zubawa, har waƙa nake yi. A raina na ce wanda aka cire wa mari ai ƙafarsa ɗaya tana gida.

Akwai wata tsohuwa a rinjin, wadda aka kamo tun tana budurwa. Ta dafa sanda ta tsaya a bakin kunya tana kallonmu, ta ce, "Ɗiyata, murnar me kike yi?"

Na gaya mata.

Ta nuna wani fegi da haɓa, ta ce, "Ni ma ranar da aka cire mini nawa aka ba ni wancan. Wanda za a saka ba a ba shi gona. Sun dai tabbatar ba ya gudu ne."

Ƙwaryar irin ta suɓuce mini. Na durƙusa na kama tone ramukan da yatsu, ina tsince dawar ɗaya-ɗaya, ina zagin mai gari da liman da hannun da ya warke a banza. Maigida ya riƙe mini wuyan hannu. Mutumin da ya karya ƙashi saboda kunya biyu, ga shi yana magana can ƙasa-ƙasa.

"Bari. In ban shuka ba, me zan ci?"

Sai na gane ya riga ni sani. Ya maida ƙasar da ƙafa, bai dube ni ba, ya ce, "In za ki zo gobe, ki saro mini reshen ceɗiyar ƙofar gidanmu in dasa. Wurin nan ba inuwa."

Liman bai yi ƙarya ba, ba a sayar da shi ba har ya rasu. Ba a kuma sake shi ba. Da wata daminar ta zagayo ni na tattara tukwanena na bi shi. Ceɗiyar tana nan, ta yi girman da jikokina ke wasa a ƙarƙashinta, kuma in sun shiga gari 'yan rinji ake kiransu. Ni na saro reshen.