Kujerar da Baba Mai Aski Ba Ya Juyawa

Tun yana saurayi Baba Mai Aski yake da wata aƙida: ba a juya mutum a kan kujera. Kujerar shagonsa kuwa mai juyawa ce, amma a wurinsa wulwula magidanci kamar tayar keke raini ne. Don haka shi yake zagaya kai da kilifa a hannu, daga kunnen dama zuwa ƙeya zuwa kunnen hagu, a kan siminti, cikin wasu silifas da suka suɗe. Da wannan zagaye ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya, har ya yi furfura.

Sai dunduniyarsa ta hagu ta ce ta gaji. In ya sauko daga gado da safe, takun farko kamar ya taka ƙusa. Matarsa ta gan shi yana dafa bango, ta kira babbar 'yarsu, suka yanke shawarar ya sayar da shago ya huta. Maganar ta tsorata shi ƙwarai, don bai san abin da mutum yake yi da yini guda ba in babu kan da zai gyara.

'Yar ta kai shi wurin wata likitar gaɓoɓi, irin masu gyara da hannu. Ta kwantar da shi rub da ciki, ta matsa sharaɓarsa, ta murza tafin ƙafar, ta ja idon sawu har ya yi ƙas. Ta ce jijiyar da ta tashi daga dunduniya zuwa yatsu ce ta wahala. Ta koya masa miƙa ƙafa a jikin bango da mirgina kwalbar ruwan sanyi a ƙarƙashin tafi, ta kuma hana shi silifas. Sannan ta zauna ta ce ya nuna mata yadda yake aski. Baba ya zagaye ta tsaf, yana murɗawa a kan dunduniyar nan.

"Baba, kujerar taku ba ta juyawa ne?"

"Tana juyawa, 'yata. Ni ne ba na juya ta."

"To, in kuna son shagon, ku bar ta ta yi muku zagayen."

Ya bi duk umarninta ban da wannan. Ciwo ya ragu, amma bai tafi ba, matarsa kuma har ta fara cigiyar mai saye.

Wata rana da yamma wani tsohon direba, amininsa mai sanƙo wanda ba ya fashin aski, ya zo ya zauna. Baba ya gama gefe ɗaya, ya ɗaga ƙafa zai zagaya, dunduniya ta soke shi. Ya daɗe a tsaye. Can ya ce, "Ka yi haƙuri, zan yi maka rashin kunya," ya kama kujera ya juya ta a hankali.

Direba ya tuntsire da dariya. "Shekara da shekaru ina ƙwaɗayin a juya ni a kujerar nan, kunya ta hana ni faɗa. Ƙara min ɗaya."

Baba ya ƙara masa biyu.

Yanzu yana tsayuwa wuri guda cikin takalmi mai taushi, kawuna ne suke zuwa gare shi. Ƙafa ta yi sauƙi, maganar sayar da shago ta mutu, ransa fes. Sai dai har yau ba ya juya kowa sai ya nemi izini.