Injin da ya koya wa Kawu dara

Jiya a Garwa na iske Kawu Sale gaban wani tsohon allo. Ya tura doki, allon ya yi ƙara, Kawu ya ce, "To, na ji."

Injin darar Turawa ne, mai wasa da mutum da kansa. Irinsu ne cike da ɗakin, kowanne lulluɓe da zane. Tun lokacin kriz, wato matsin tattalin arziki, da Turawan kamfanin auduga ke tattara kayansu, Kawu yake tara su.

Na ce, "Kawu, wa ya koya maka?"

"Shi. Da dokar darar gida na fara masa. In na yi kuskure ya yi kuka, in sake. Bai taɓa gajiya da ni ba."



Na nuna masa a waya yadda ake neman su a Turai. "Gaba tsada za su yi. Ga rufinka yana yoyo."

Ya daɗe yana kallon rufin.

"Sauran, nemo mai saye. Wannan kuwa, ka taɓa jin an sayar da malami?"

Ku fa, mene ne a gidanku ya fi ƙarfin ciniki?