Garin da ba su san atamfa ba

Ni dai gyaran famfo na sani. Na daɗe ina zagaya ƙauyukan Droum da Takieta ina ciro bututu daga rijiyoyin burtsatse, har ranar da dirakta ya kira ni buro ya ce an zaɓe ni istaj, wato horon aiki, na sati uku a Holan, a garin da ake zuba ƙarfen famfunanmu. Na ce to. Mutanen da suka ƙera abin da ke hana ni hutu, ai gara in je in ga idonsu.

Garin bai kai Damagaram girma ba. Aka sauke ni gidan wani dattijo, tsohon masaƙi, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse. Faransancinsa kamar tuwon da bai nuna ba, amma muna gane juna. Na kira shi Baba, ya ji daɗi har ya sa na rubuta masa kalmar a takarda.

Baba yana da ciwo guda, ciwon tarihi. Ko jaka ban kwance ba ya ja ni bakin wani kogi miƙaƙƙe sambal, ya ce kakanninsu suka haƙa shi da shebur. Da can garin fadama ne da kasuwar shanu. Da aka haƙa kogin sai jiragen ruwa suka fara kawo auduga da gawayi, dawaki na jan su daga gaɓa. Masaƙu suka tsiro, jirgin ƙasa ya biyo baya, sannan maƙerar famfo.

Na ce, "Baba, yaƙi fa? Wa kuka taɓa ci?"

Ya yi dogon tunani, ya ce su dai ruwa suka fi yaƙa.

Na gyara tsayuwa na ce mu a Damagaram har igwa aka ƙera a unguwar Birni, aka kewaye gari da ganuwa.

Ya ce, "Madalla. Kuna da jirgin ƙasa?"

Na ce mu koma gida, sanyi ya yi yawa.

Washegari ya turo mini keken marigayiya, baƙi, mai nauyin jaki, ya ce da shi zan riƙa zuwa maƙera. A wajenmu keke na 'yan lakwal ne da masu tallar burodi, amma can har magajin gari na gani a kansa, da kwat, yana ta haki kamar kowa. Baba ya yi mini bayanin birki da Faransancin nan nasa, na gyaɗa kai don kada a raina ni. Ashe keken ba shi da birki a hannu, sai an murza feda baya.

Na gane haka ne a bakin gada. Gadarsu tashi take yi in jirgin ruwa zai wuce. Ƙararrawa ta kaɗa, sanda ta sauko, kowa ya tsaya cak, ni kuwa ina ta matsar iska da yatsu. Don kada in buge wata tsohuwa na karya kan keke, sai ga ni tsundum a cikin tarihin kakannin Baba. Ni da na tashi ina bin 'yan ga-ruwa da lallashi, ranar na sha ruwa har na ƙoshi. Mata biyu suka tsamo ni, ɗayar sai da ta fara leƙa keken kafin ta tambayi lafiyata. Baba ya zo da ƙugiya ya fiddo kayansa, yana dariya har haƙoran robarsa suka zame.

A maƙera injuna sun fi mutane yawa. Na faɗa wa injiniyan wurin cewa rairayinmu na cinye robar famfonsu. Ya tambayi yadda muke yi in ta mutu. Na ce fatar majeman Birni muke yankawa, ta fi tasu ƙarko. Ya rubuta, amma fuskarsa ba ta so ba.

Ana saura kwana uku in taho yayata ta bugo waya. Ita ta raine ni, ba a yi mata musu.

"Kai, kana ƙasar atamfa, kada ka kuskura ka dawo mini hannu rabbana. Holan ta asali nake so, turmi biyu."

Na nuna wa Baba hotonta cikin atamfa. Ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce tun da yake bai ga mace a garin da irin wannan ba. Muka bi kantuna shida, babu. A na ƙarshe aka ce mana a wani gari ake buga ta, kuma kusan duka wajenmu ake lodawa.

Don ya huce mini, ya kai ni masaƙar da ya yi wa aiki tun yana saurayi. An rufe ta tuni, aikin ya koma ƙasashen Asiya, ginin ya zama gidan tarihi, ana shan kafe a inda ake rini a da. Injinsa na nan bayan igiya, an goge shi fes. Baba ya tsallake igiyar ya dafa shi. Wata ma'aikaciya ta taho da faɗa, ya faɗa mata kalma biyu da yarensu, ta koma da baya. Ranar kaɗai ce bai yi mini tarihi ba.

Da muka isa gida ya buɗe akwatin marigayiya ya fiddo wasu ƙyallaye goma sha biyu masu zanen dara, ja da fari. Ya ce saƙarsa ce ta ƙarshe, in kai wa yayata.

Da na dawo gida na kai mata, ina sunkuyar da kai. Ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu.

"Wannan ai tsumman goge kwano ne."

Na ce, "Yaya, su ma masu shi haka suka ce."

Ta yi sati ba ta amsa gaisuwata da kyau. Daga baya na ji ta kai wa tela ya haɗa huɗu, ta ɗaura kallabi ta tafi suna a unguwar Zango, tana cewa sabon yayi ne ƙanenta ya kawo daga Holan, bai ma iso kasuwar Dole ba. Mata uku suka biyo ni har buro suna tambaya ko da saura.