Katin Inna Mai Keke

Shekara talatin da ɗaya Inna Mai Keke ta yi tana taka keken ɗinki a ɗaki guda, ƙarƙashin wani tsohon bene, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da fenti. Ba ta ɗinkin ƙawa. Kayan makaranta take yi, da rigunan ma'aikatan masana'anta masu aljihu huɗu, da labulen ofis in an samu. Mijinta mai gyaran agogo ne, ya rasu Auta tana goye, ya bar mata gwangwani cike da ƙananan kusoshi waɗanda har yau ba ta san amfaninsu ba, ta kuma ƙi zubarwa. Da keken nan ta raini 'ya'ya huɗu. Uku sun yi nisa, sai dai a ji muryarsu a waya. Auta ce kaɗai ta yi aure kusa, layi biyu ne tsakaninsu.

Karatun Inna bai wuce lambobin tef ɗin awo ba. In lamba ce, ko a kife ka nuna mata za ta gane, amma rubutu sai ta yi ta kallonsa kamar jerin tururuwa. Da makarantu suka daina turo masinja da takarda, suka koma turo awon yara ta imel, Auta ce ta buɗe mata adireshi a waya, ta kuma sa aka buga mata kati mai ɗauke da shi. Kullum da hantsi Auta za ta zo, ta zauna a kujerar da ke kusa da teburin guga, ta karanta saƙonni da ƙarfi, Inna tana rubuta lambobi da alli a jikin allo. In talla ce ta shigo, Auta sai ta toshe hanci ta karanta da muryar masu tallar rediyo: “Hajiya mai daraja, kada ki bari a ba ki labari!” Su yi ta dariya har mai fenti ya leƙo.

Kati kuwa ya zame wa Inna jaraba. Ko a mota kuka gaisa sai ta zaro ɗaya daga jaka ta damƙa maka. “Riƙe dai,” take cewa, “wa ya san gobe? Kowa na da yaro mai yaga wando.” Auta tana tsokanarta cewa ko ɓarawo ne ya shigo shagon, da kati zai fita.

Wata safiya Inna tana wanka hannunta ya taɓa wani ƙululu a ƙirjinta, mai tauri, ba ya ciwo. Ta yi mako biyu tana ce wa kanta maruru ne. Daga baya ta ce wa Auta za ta sayo zare, ta tafi asibiti ita kaɗai. Aka ɗebi ɗan nama aka auna, likita ta zaunar da ita ta faɗa mata sunan abin: ciwon dajin nono. Ta ce aiki za a yi, kuma gwamma yau da gobe.

Inna ba kanta ta fara tunawa ba. Auta tana da ciki wata bakwai, na uku ke nan, biyun farko duk ba su zo da rai ba. Na biyun ma ya kai wata bakwai cif, aka bugo waya cewa motar mijinta, direban babbar mota, ta kife. Mijin ya fito da karaya kawai, amma jinin Auta ya hau, kafin yamma an rasa yaron. Inna tana tsaye a wurin ta ji likitan wancan lokacin yana cewa in ta sake samu, ko faɗuwar kwano kada a bari ta firgita ta. Saboda haka ta dubi tata likitar ta ce a ba ta wata biyu. Likita ta yi faɗa, ta yi lallashi, Inna ta kafe.

Daura da ƙofar asibitin akwai wani kanti mai sayar da kayan marasa lafiya. Ta shiga sayen auduga da filasta na wurin da aka yanka. Mai kantin mutum ne mai sanyin murya da fararen haƙora, irin waɗanda kan sa ka faɗi abin da ba a tambaye ka ba. Ta tambaye shi, a hankali, ko akwai rigar ciki da ake yi wa matan da aka cire wa gefe ɗaya. Ya nuna mata kala uku. Ba ta saya ba, ta dai jujjuya ɗinkin kamar yadda kowane tela zai yi. Da za ta fita, hannu ya riga tunani, ta miƙa masa kati. Sabo turken wawa.

Bayan kwana huɗu, tun kafin Auta ta iso, wayar ta yi ƙara. Inna ta duba, ta ga hoton wani fure mai ruwan hoda, ƙarƙashinsa mace ta ɗaura ɗankwali a kan da babu gashi, tana murmushi. Furen nan ne a allon kantin. Ta ruga wurin mai gyaran takalmi ta ce ya nuna mata yadda ake goge saƙo, ta kuma rufe hoton da babban yatsa don kada ya gani.

Daga ranar Inna ta daina sanin daɗin safiya. Tana buɗe shago, kafin ta share, kafin ta ɗiga wa keke mai, sai ta hau farautar fure. Wani lokaci ɗaya, wani lokaci uku. Ta goge, ta sake dubawa, ta ajiye wayar, ta sake ɗauka. In Auta tana karatu wayar ta yi ƙara a hannunta, ƙafar Inna sai ta sandare a kan keke har sai ta ji awon wando ne. Tsoro ya hana ta cin abinci fiye da yadda ciwon ya hana ta.

A mako na biyu ta koma kantin.

“Malam, don girman Allah ka daina turo mini abin nan. Ba ni ke karantawa ba, 'yata ce.”

“Ayya, Hajiya, ai ba ni ke turawa da hannuna ba, na'ura ce. Talla ce kawai, kowa na yi. Akwai ɗan rubutu can ƙasa, in kin latsa zai daina.”

“Ni da ban iya karatu ba, ina zan ga ɗan rubutu?”

Ya yi murmushin nan nasa. “Ke ma fa kin ba ni katinki ban roƙa ba. Kasuwa ai haka take, kowa na neman mai saye.”

“Na ba ka,” in ji Inna. “Amma katina a aljihunka yake zaune. Bai taɓa bin ka gida ya tsaya gaban iyalinka yana faɗin ciwon da ke jikinka ba.”

Ya karɓi wayar ya latsa wani wuri, ya ce shi ke nan an cire ta. Sai da ta kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa, kamar abin ba komai ba ne, sai dai in abokan hulɗarsu ne suka turo, wannan kam ba hannunsa. Wai abokan hulɗa! Mutum ya tattara sunayen masu ciwo kamar buhun gawayi ya raba wa 'yan'uwansa 'yan kasuwa, kuma a je a tambaye shi, zai rantse bai cuci kowa ba.

Furen ya daina zuwa, amma an gudu ba a tsira ba. Saƙonni suka riƙa shigowa daga wuraren da ba ta taɓa takawa ba: masu gashin kanti, masu maganin ƙarin jini, masu gadon jinya. Wasu da hoto, ta gane ta goge. Wasu rubutu ne zalla, ba ta da yadda za ta bambanta su da saƙon makaranta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Ta shiga goge duk abin da ba ta ga lambobi a cikinsa ba. A haka ta goge saƙon wata makaranta da ta shekara tara tana yi wa ɗinki, shugabar ta jira amsa ta gaji, ta kai aikin wani wuri.

“Inna, me ke cinye saƙonni a wayar nan?” Auta ta tambaya, tana jujjuya ta.

“Tsufa ne, ni da ita duka. Bar ta kawai, ki huta da zuwa ma, ga ki kin yi nauyi.”

“In huta in bar ki da wa? Kin ga yadda kika rame kuwa? Wuyanki kamar mariƙin lema.”

“Zafi ne.”

“To kawo, na huta da rigimar wayarki. Zan sa adireshin a tawa, duk abin da ya shigo ni zan fara gani.”

Inna ta bar mata wayar. In ta hana, sai an tambayi dalili. Tana kallo Auta ta yi 'yan latse-latse, cikin minti biyu an gama. Saura mako biyar haihuwa. A ranar Inna ta ɗinka hannun riga a wuyan riga, abin da ba ta yi ba tun tana koyo.

Kwana biyu ba abin da ya zo sai awon yara da tallar tukwane. Inna har ta fara cewa ko Allah ya kawar. Rana ta uku da hantsi Auta tana zaune a kujerarta, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura a kan buhun ƙyallaye, wayar ta yi ƙara.

“Yawwa, ga mutanenki,” ta ce, ta toshe hanci. “Zuwa ga jarumarmu Mai Keke! Mun san gwagwarmayar da kike yi, ba ke kaɗai ba ce. Rigar cikin nan da kika duba ranar sha biyu ga wata, ta matan da aka...”

Muryar rediyon ta mutu. Auta ta saki hancinta, ta ci gaba da karatu da ido, leɓɓanta na motsi. Inna ta sunkuyar da kai tana taka keke da ƙarfi, tana tura yadi, kamar ƙarar za ta iya rufe abin da aka riga aka karanta.

“Inna.”

Keke na ta gudu.

“Inna, zaren ya ƙare tun ɗazu. Ranar sha biyu ai ita ce ranar da kika ce kin je sayen zare.”

Ƙafar ta tsaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Inna ta san ta zo ƙarshensa. Ana jin bugun gudumar mai takalmi ta bango.

“Wane gefe ne?” in ji Auta, a hankali.

“Hagu.”

“Tun yaushe? Me likita ya ce? Inna, dube ni mana!”

Amma Inna ba fuskarta take kallo ba. Ta taso daga kan keke, ta durƙusa a gaban kujerar da gwiwoyinta masu ciwo, idonta a kan cikin.

“Bar nawa, Auta, don Allah bar nawa, ja numfashi. Ya motsa? Gaya mini, kin ji ya motsa?”

Auta ta ajiye wayar a kan teburin guga. Ta ɗora tafin hannu biyu a cikinta, hawaye na zuba ba ta share ba.

“Yi shiru, Inna,” ta ce. “Yi shiru in ji.”