Haƙorin da ya kwantar da matata a asibiti

Har in koma ga Allah ba zan manta da makon da haƙori guda ɗaya ya kusa raba mu da cikinmu na fari ba.

Lokacin ina aikin sito a wani kamfanin roba, muna zaune a Agege kusa da layin dogo. Ranar da aka raba mana fom ɗin inshorar lafiya, na kawo shi gida muka cike tare da matata. A ƙasan takardar akwai wani ɗan gurbi na haƙori, wanda sai ka so ake ƙara maka. Na kwashe da dariya na ce, "Mu da muka tashi da asuwaki a baki? Wannan ai na masu shan alawa ne." Ita ma ta taya ni dariya, na tsallake gurbin. A ganina baki ma a jiki yake, katin da zai kula da kai da ciki ba zai ƙi haƙori ba. Haka nake a da, idan na ga na gane abu, ko tambaya ba na yi.

Shekara shida muna jiran haihuwa kafin Allah ya kawo rabo. Cikin na da wata biyar na lura tana tauna da gefe ɗaya, ta kuma daina taɓa tsiren da take sa ni nemowa. Kullum bakinta ƙamshin kanumfari. Da na tambaya ta ce, "Kwaɗayin masu ciki ne, maigida." Ni kuma, gogan naka, na yarda, har ƙarin kanumfarin na sayo mata.

Wata safiya na tashi na ga kumatunta ya kumbura har idon ya ƙanƙance, jikinta zafi rau. Muka ɗauki keke mai ƙafa uku sai asibitin da take awo. Likita ta duba ta ce haƙori ne ya ruɓe ya tara mugunya, ciwon ya fara shiga jiki, kuma zazzaɓi irin wannan yana iya taɓa abin da ke cikinta. Ban san lokacin da na zauna a kan benci ba.

Aka ba ta gado. Na tafi wurin matar da ke kula da katin inshora, wata Bayarabiya haifaffiyar unguwarmu mai jin Hausa kamar Bakanuwa. Na ce a cire haƙorin kawai mu huta.

Ta ce, "Oga, zauna tukuna. Gado, ƙarin ruwa, maganin zazzaɓi, duba jariri, duk katinka ya ɗauka, don yanzu ciwon ya zama na jiki. Amma haƙorin kansa, wankewa ko cikewa ko cirewa, wannan na inshorar haƙori ne, kai kuma ba ka yi ba."

Na ce, "To in yi yanzu mana."

Ta girgiza kai. "Ko ka yi yau, sai ka jira ta fara aiki. Ita amfaninta tun ciwo bai zo ba, a riƙa zuwa ana dubawa. Da an ga ramin nan tun yana ƙarami, da cikewa kawai za a yi."

Kwana uku tana kwance kafin zazzaɓin ya sauka. Likitarta ta rubuta wa likitan haƙori takarda, ta faɗa masa watannin cikin da magungunan da ba za a ba ta ba. Shi kuma ya ƙi taɓa ta sai da kumburin ya saɓe, bayan ya gama ya mayar da mu wurin likitarta a sake sauraren jaririn. A nan na ga aikin nasu daban-daban ne, amma kowa sai da ɗan'uwansa. Cirewar daga aljihuna ta fito, wannan bai dame ni ba ko kaɗan.

Abin da ya dame ni shi ne amsar da ta ba ni muna hanyar gida, da auduga a bakinta. Na ce, "Don Allah me ya sa kika ɓoye mini?"

Ta ce a hankali, "Sati uku da suka wuce na tambaya a wurin awo, suka ce katinmu bai kai nan ba. Na san za ka zargi kanka. Ni kuma ai tare muka yi dariyar."

Wato sati uku tana fama da ciwo, ga ciki, don kawai kada in ji kunya. Na kawar da kai ina kallon motoci, hawaye na zuba, ta kama hannuna ta ɗora a kan cikin. Yana motsi.

Yarinyar yanzu tana aji uku, ita da uwarta da ni duk muna zuwa a duba mana haƙora. Abin da na koya shi ne, duk takardar da ta shafi iyalina sai na tambaya na fahimta kafin in sa hannu. Ni na yi wasa da ɗan gurbin nan, amma ba ni na sha wuyarsa ba, wadda ta fi kowa tausayina ce ta sha.