Zubin Farko na Shayin Kaka

Har yau idan na ji ƙamshin shayi yana tafasa a kan gawayi, haushi ne yake fara taso mini. Kewa sai daga baya take biyowa.

A unguwar Shehuri na girma, a gidan kakata ta wajen uba, wadda unguwa ke kira Ya Kellu, mu kuma mu ce Kaka. Da an idar da magariba sai ta sa a fito mata da kaskon gawayi ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, ta ɗora 'yar butarta shuɗiya da wuta ta ƙone wa gindi. Mu jikoki mu zagaye ta, muna jiran shayi da tatsuniya, don a wurinta ba a samun ɗaya ba ɗaya.

Shayin Kaka zubi uku ne daga ganye guda. Na farko baƙi ƙirin, mai kauri, ko ƙwayar sukari ba ta sa masa. Na biyu na iyayenmu ne, da citta da kanumfari. Na uku kuwa, bayan ganyen ya gama ba da abin da yake da shi, sai ta ƙara ruwa, ta jefa na'ana'a, ta zabga sukari, ta raba mana mu yara. Ni a raina ruwan wankin buta nake kiransa.

Zubin farko kofi ɗaya tak yake fitowa, kuma an san mai shi: Babagana, ɗan ƙanen babana, wanda ni ce ma na girme shi. Sunan kakanmu namiji aka sa masa, mutumin da ya rasu tun ba a haife mu ba. A wajenmu mace ba ta kama sunan mijinta, don haka Kaka ba ta taɓa kiran yaron da komai ba sai Maigida. Za ta ɗaga buta sama, ta tsiyaya shayin a ɗan kofin gilashi har ya yi kumfa, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Bismillah, Maigida," in ji ta. Shi kuma ya karɓa yana wani cin magani, ya kurɓa a hankali, mu muna kallo.

Na tsani wannan cin maganin nasa. Ni ke hura gawayin, ni ke ɗauraye kofuna, ni ke tsinko na'ana'a a bayan randa, amma yaron da ko fifita wuta bai iya ba shi ke zama a damanta. Ba ɗanɗanon shayin nake kwaɗayi ba, tunda ban san shi ba. So nake sau ɗaya Kaka ta miƙo mini abu da hannu biyu.

Wata rana aka tafi da Babagana biki gidan kawunsa a unguwar Bulumkutu, aka ce zai kwana. Tun la'asar na yi wanka, na ɗaura zanen sallata, na je na zauna daram a wurinsa. Kaka ta dube ni ta gefen ido. Shayi ya tafasa, ta ɗaga buta, kumfa ya hau. Na miƙa hannu har da rusunawa. Sai ta ce, "Bintu, kai wa mai gyaran takalmin nan na ƙofar gida. Ki ce sadaka ce."

Na kai, hawaye na zuba, kofin na ƙona mini yatsu. Ashe ba Babagana kaɗai ke gabana ba, har baƙon da ke zaune bakin titi. Na dawo na koma can nesa da wuta, na juya wa kowa baya.

"Ku matso," in ji Kaka da Hausarta mai karin Kanuri. "Ga wata tatsuniya nan ta taso. Mai fushi ma ta bar kunne ɗaya a buɗe."

Ta ce wata tsohuwa ce da akuyarta. Kullum da safe su tafi rijiya mai nisa, kuma gugan farko da tsohuwa za ta jawo, a gindin wani busasshen kututturen dabino take juye shi, sannan ta shayar da akuya. Abin ya ci wa akuya rai. Ita ke ba da nono, ita ke rakiya, amma itacen da ko inuwa ba ya yi shi ke shan ruwan farko. Sai ta riƙa zagayawa ita kaɗai, tana tunkuyin kututturen, tana tone gindinsa, har ya faɗi ya gangara kwari. Da gari ya waye ta yi gaba tana tsalle, ta tsaya daidai inda kututturen yake a da. Tsohuwa ta iso, ta duba, ba kututture. Ta daɗe a tsaye, sannan ta naɗe igiyarta ta juya gida. Akuya ta ce, "Iya, ruwan fa?" Tsohuwa ta ce, "Ai saboda shi ƙafafuna ke iya wannan tafiyar. Ke albarkacinsa kike sha."

"Ta ƙare," in ji Kaka. "Kowa ya lashe kofinsa." Ta turo mini nawa na zubi na uku da hannu ɗaya. Na sha, amma na ƙara ƙulewa, don a fahimtata ta ce ni akuya ce, Babagana kuma dabino.

Da wannan fahimtar na girma, na yi aure, na koma Bulumkutu. Da na mallaki butar kaina sai na daina sa sukari a shayi ɗungurungum, ina shansa baƙi mai kauri, kamar mai ramuwa. Da Allah ya karɓi ran Kaka kuma aka ce ta bar wasiyya a ba Maigida butarta. Ban yi mamaki ba, amma ranar ban iya cin abinci ba.

Kwanakin baya sai ga Babagana ya sauka daga keke napep a ƙofar gidana, daga Kasuwar Shanu inda yake dillanci, da butar a cikin leda. Bayan mun gaisa ya ajiye ta a gabana.

"Ya Bintu, ki riƙe abin nan. Ni ban san yadda ake dafa shi ba. Ke ce kika zauna kina kallon hannunta."

Na ce, "Kai da ka sha zubin farko duk yarintarka?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wallahi azaba na sha! Abu kamar ruwan dalbejiya. Kullum ina hango naku mai na'ana'a, yawuna na tsinkewa. Sau ɗaya na roƙe ta sukari, ta ce shi ba ya sha da sukari."

"Shi wa?"

"Mai sunan mana. Kin zaci ni take miƙa wa? Ko fuskata ba ta kallo. Kofin take kallo har in shanye."

Ashe cin maganin da na tsana, ɗaci ne yaro ke haɗiyewa. Ashe kututturen ba ya cikinmu, yana kwance a maƙabarta tun kafin mu zo duniya. Don a dafa masa kofinsa yadda yake so ake hura gawayin nan kullum, mu kuma muka samu shayi da tatsuniya albarkacinsa.

Wani zai ce daga nan kishina ya mutu. Bai mutu ba, wuri ya sauya. Yanzu da kakan da ban taɓa gani ba nake yi, mutumin da ƙasa ta rufe shi shekara da shekaru, amma wata ta ƙi mantawa da yadda yake shan shayinsa.

Ran nan da yamma na ɗora butar Kaka a kan gawayi, na tambayi maigidana, kamar da wasa, ko ya san yadda nake son nawa. Ya ɗago kai daga wayarsa, ya ɗan yi tunani, ya ce, "Cokali biyu, ko?"

Tun ranar da aka kawo ni gidansa nake shan shayina a gabansa ba sukari.